Karfasa a Tafkin Basharu

A fadamar Wurogauri Hussaina ta fara ganinsa, shekarar da man fetur ya yi ɓatan dabo. Saurayi tsaf da shi, har da agogo, ya tsuguna yana ɗurar gansakuka a kwalba.

"Malam, kihi aka kamawa nan, ba ƙazanta ba," ta ce.

Ya yi dariya. Basharu ne, ɗan Gwandu, ɗalibin jami'a. Ya ce gansakuka cike take da sitaci, in an tsima ta za ta ba da man da mota za ta sha. Ya haƙa ɗan tafki yana renon wani irin gansakuka, da shi zai kammala karatu.

Ba ta yarda ba ko kaɗan, amma washegari ta dawo.

"Malam Gansakuka, ina kwana?"

"Lahiya lau, sanyin idona, tunda kin zo."

Mahaifinta Namadi, tsohon masunci, ya ce atafau. "Ba ni ba da ɗiyata ga mai noman abin da nika wankewa ga komata." Ga kuma Lukuman mai kanti yana ta zaryar neman aurenta.

Amma haƙurin yaron ya ci tsohon. Shi kuwa Namadi bakinsa bai iya cewa na amince ba, sai hannunsa. Da Basharu ya tafi Sakkwato jarrabawa, tsohon ya dubi tafkin, ruwa har ruwa babu kifi ko ɗaya, tausayi ya kama shi. Ya zaɓo 'ya'yan karfasa masu kyau ya zuba.

Basharu ya dawo ya tarar da ruwa garau. Kifin ya cinye aikin shekara biyu.

"Wane jahili ya yi min wanga aiki?" ya ɗaga murya a gaban masunta.

"Ni na, ɗana," Namadi ya ce a hankali. "Na ga ruwanka ba kowa ciki."

Basharu ya koma Gwandu. Fushin bai kai sati ba, kunya ce ta zaunar da shi. Hussaina ta sallami Lukuman, ta yi ta aike: "Ka taho ka ba Baba haƙuri." Kullum amsarsa gobe. Wallahi har yau goben nan tana ba Hussaina haushi.

Ta'aziyyar rasuwar Namadi ce ta kawo shi Kalgo, garinsu Hussaina. Nan Bawa, ƙanin marigayin, ya ja shi gefe ya ce yayansa ya bar wasiyya: Hussaina ta Basharu ce.

Bayan arba'in aka ɗaura aure. Dattawa suka sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Da aka kawo amarya, Basharu ya kasa ɗaga ido.

"Ko Baba ya yahe min, Hussaina?"

Ta riƙe hannunsa, tana hawaye.

"Tun ranar, masoyina. Kullum sai ya shimfiɗa tabarma biyu ƙofar gida, yana jiran ka zo ka ji da kunnenka."