Fulogi da Baƙin Mai

Ranar da Auta ta fara ɗora ido a kansa, faɗa ne ya kai ta.

Daga asibiti ta dawo ta tarar da ƙofar sito a buɗe, lungun da injin babur ɗin Baba yake ajiye kuma wayam, sai shatin mai a siminti. Tun hatsarin da ya yi ajalin Baba, injin nan kaɗai ya tsira daga babur ɗin. Ta tsare Yayanta a tsakar gida har sai da ya faɗa mata garejin da ya kai shi ya sayar. Ko farin yunifom ɗinta ba ta tsaya cirewa ba.

Garejin dogon ɗaki ne mai rufin kwano, tayoyi rataye a bango, sifanoni jere a jikin allo. A tsakiya, kan wani teburin ƙarfe, ga injin Baba. Wani dogon saurayi ya sunkuya a kansa da ɗan buroshi yana wanke shi da fetur a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka.

"Kai ne mai sayen kayan marayu?" ta ce.

Ya ɗago, ya dube ta sama da ƙasa. "Wa'alaikumus salam."

"Ban yi maka sallama ba."

"Na lura. Na ce bari in amsa, ko za ki biyo da ita daga baya."

Ran Auta ya ƙara ɓaci. Ta faɗa masa injin na mahaifinta ne, ba wanda ya shawarce ta, kuma yau ɗin nan za ta koma da shi gida ko da a ka ne.

"Bismillah, ɗauka," ya ce, ya ja baya ya harɗe hannu.

Ta rungumi injin ta yunƙura. Ko gezau bai yi ba. Ta sake yunƙurawa har jijiyar wuyanta ta fito. Da ta saki, gaban farin yunifom ɗinta ya yi baƙi ƙirin.

"In ka yi dariya sai na fasa maka kai da sifana."

Bai yi ba, amma kumatunsa suna rawa. Ya nuna mata wata gangar babur da ke tsaye a gefe, ba inji ba tanki, ƙarfe ne zalla. Ya ce shi ya lanƙwasa bututunta ya yi mata walda da hannunsa, ya daɗe yana neman tsohon inji irin wannan, mai sauti a ƙirji, wanda za a buga da ƙafa ya amsa.

"In kika mayar da shi sito, tsatsa ce za ta gaje shi," ya ce. "In kika bar shi a nan, zai sake numfashi."

Auta ta dubi injin. Tun rasuwar Baba ba wanda ya yi maganar injin nan kamar abu mai rai.

"Zan riƙa zuwa ina duba ka," ta ce a ƙarshe. "Kuma ko noti ɗaya ka ɓatar, za ka san ni."

"Ai na fara sanin ki."

Dogo ake ce masa a layin kanikawa, amma ita ba ta taɓa kiransa haka ba. Baƙin Mai ta raɗa masa, saboda abin da ya yi wa yunifom ɗinta. Shi kuma ya sa mata Fulogi, wai ana taɓa ta sai tartsatsi.

Kullum ta tashi daga aiki sai ta biyo, kuma kullum sai sun yi faɗa. Injin ya ƙi zama a gangar, ya fi gurbin faɗi. Dogo ya ce zai ɗan goge gefen injin. Ta ce ya goge gefen kansa. Dole gangar ya yanka, ya sake mata walda, ya ƙera sababbin ƙafafun da injin zai zauna a kai. Da aka gama wannan, sarƙa ta ƙi daidaita da haƙoran tayar baya. Sannan kafireto ya toshe da daskararren fetur na shekaru. Ita ke riƙe masa fitila, ita ke miƙa sifana tun kafin ya tambaya, domin dama haka ta taso tana yi wa Baba.

Sun fi jimawa a kan launin tanki. Shi yana son baƙi, ita kore irin na Baba. Ta fita a fusace, ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Sai ga saƙo ya shigo wayarta.

"Fulogi, garejin ya yi shiru da yawa. Yau ba wanda ya zage ni, har kaina ya fara ciwo. Na sayo koren fenti."

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta rubuta: "Wane irin kore? In mai haske ne ka shanye abinka."

"Mai duhu ne, ranki ya daɗe. Ki zo ki gani. Ko ki zo in gan ki, duk ɗaya ne."

Ta kifa wayar a cinya tana murmushi, tana jin haushin kanta da ta yi murmushin.

Wata rana sifana ta kuɓuce masa, hannunsa ya daki ƙarfe ya tsage. Ta zaunar da shi kan benci tana wanke ciwon tana masifa, wai babba da shi bai san ya sa safar hannu ba.

"Fulogi," ya ce a hankali, "ina so in turo manyana gidanku."

"Ka tsaya cak, kana motsa min hannu."

"Kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Ba kurma ba ce ni." Ta ɗaure bandejin da ƙarfi har ya ce wash. "Me ka tsaya jira tuntuni?"

A ranar ta faɗa wa Umma. Umma tana yankan albasa a ƙofar kicin, ta ajiye wuƙar.

"Bakaniken babur?"

"Eh, Umma."

"Shi ne wanda aka kai wa injin nan?"

"Shi ne. Ai Yaya ne ya..."

"Ba Yayanki ba ne, ni ce. Ni na ce a fitar min da shi daga gida, na gaji da ganinsa." Muryar Umma ta ɗaga. "Babur ya cinye min miji da rana tsaka, yanzu kuma in ɗauki 'yata in ba wanda yake ƙera su? Ke da kike aiki a asibiti, ba kya ganin waɗanda ake kawo muku a kakkarye? Wallahi ba da yawuna ba!"

"Umma, ba babur ne ya kashe Baba ba, mai mota ne ya..."

"Rufe min baki!"

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wani abokin Yaya, dillalin motoci, wanda ya daɗe yana zarya a gidan da ƙamshin turare da makullai a yatsa. Umma tana son sa don ko keke ba ya hawa. Auta kuwa ko muryarsa ba ta ƙaunar ji.

Kwanaki kaɗan bayan faɗan, ya tare ta a ƙofar asibiti ya miƙo mata wayarsa. Hotonsa ne zaune ɗare-ɗare a kan babur ɗin, koren tanki yana sheƙi a tsakanin gwiwoyinsa.

"Mun yi magana da bakaniken naki," ya ce. "Injin nake so, akwai masu tara irinsa. Kin san mutanen nan, kowane abu a wurinsu na sayarwa ne."

Ta mayar masa da wayarsa. Kai tsaye garejin ta nufa, zuciyarta na tafasa. Ƙofa a buɗe, Dogo ba ya nan. Gangar babur ɗin tana tsaye da tankinta da tayoyinta, amma cikinta rami ne, wayoyi suna reto. An cire injin.

Ta ciro waya ta rubuta masa: "Ashe kai ma ɗan kasuwa ne. Ka sayar da Babana, ka sayar da ni. Kada ka sake kirana Fulogi. Kada ka sake kirana ma gaba ɗaya."

Ta kashe wayar. Duk hanyar gida tana share hawaye da bayan hannu, tana harar duk wanda ya kalle ta.

Tun daga bakin layi ta jiyo muryar Umma. Da ta shiga, ga Dogo durƙushe a tsakar gida, gumi ya jiƙa masa riga. A gabansa ga baro, a cikin baron ga injin Baba a kan tsumma, yana ƙyalli kamar ranar da aka ƙera shi.

"Wa ya aike ka?" Umma take cewa. "Na fitar da abu daga gidana, ka turo min shi a baro?"

"Umma, na ji an ce injin nan ne ya sa kike ƙina," ya ce, kansa a ƙasa. "Shi ne na kwance shi. Naki ne. In kin ce a binne shi, ni zan haƙa ramin. Sana'ata dai ba zan yi miki ƙaryar zan bari ba, ita na iya. Amma wannan babur ɗin na haƙura da shi."

Auta ta tsaya turus. Kunyar saƙon da ta tura ta rufe ta, nan take kuma kunyar ta juye ta zama sabon fushi.

"Ka kwance shi?" ta ce. "Duk wahalar da muka sha? Sarƙar da muka yi ta fama da ita? Wa ka tambaya? Kuma me ya kai wancan mai turaren kan babur ɗinmu?"

"Zuwa ya yi ina bayan gareji, ya hau ya ɗauki hoto. Ya taya, na ce ya fita."

"Shi ne ba ka faɗa min ba!"

"Ina aka bar ni na yi magana? Kullum ke ce da filin."

"Ku yi min shiru, ku duka!" Umma ta daka tsawa.

Ta matso kusa da baron. Ta daɗe tana kallon injin. Sannan ta sa yatsa ta shafa wata 'yar lotsawa a murfinsa.

"Ashe ka bar wannan," ta ce.

"Na so in buge ta ta miƙe, Auta ta hana."

"Ni na yi ta. Muna sabon aure ya ce sai ya koya min tuƙi, na kai mu cikin katangar maƙwabta." Ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "Ranar hatsarin na ce masa kada ya fita. Na ce masa ya bari rana ta yi sanyi. Ya ce min yanzu zai dawo. Mutumin nan bai taɓa jin maganata ba, ko sau ɗaya!"

Ta daki gefen baron da tafin hannu, ta sake duka, sai kuka ya ƙwace mata. Auta ta rungume ta. Tun ranar rasuwar ba ta ga hawayen Umma ba, faɗa kawai take gani.

Da Umma ta lafa, ta share fuska da gefen mayafi ta dubi Dogo.

"Yana tashi?"

"Ban taɓa tayar da shi ba, Umma. Saura kaɗan ne na kwance."

"To tashi ka mayar da shi inda ka ciro shi. Ka kawo min nan in ji."

Aikin ya ɗauke su kwanaki, kuma ba ranar da Auta ba ta goranta masa ba. Shi ma ya samu abin riƙewa, da ta buɗe baki sai ya ciro waya ya karanta mata saƙonta da muryar mata.

"Goge shi," ta ce.

"Sai kin ce in ci gaba da kiranki Fulogi."

"Baƙin Mai, kada ka ƙure ni."

"Na ji, Fulogina."

Ranar da suka turo babur ɗin tsakar gida, Umma tana zaune a kujera, Yaya yana tsaye a bayanta yana sosa ƙeya. Dogo ya buga, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake bugawa, shiru.

"Ba haka ake yi masa ba," Umma ta ce. "Karkata shi hagu tukuna, ka ɗan murɗa mai, sannan ka buga da zuciya ɗaya."

Ya yi yadda ta ce. Injin ya kama da wata ƙara mai kauri, dum-dum-dum, har kwanukan kicin suka amsa. Umma ta rufe ido, leɓunanta suna motsi da addu'a. Ba ta ce a kashe ba sai da hayaƙi ya cika gidan.

"Ka turo manyan naka," ta ce. "Ke kuma ki rage masa faɗa."

"Umma, a wurin wa na koya?"

Dillalin motoci bai sake takowa gidan ba, don Yaya da kansa ya je ya wanke shi tas a kan ƙaryar hoton.

Ranar ɗaurin aure, kanikawan layin gaba ɗaya suka rufe garejinsu suka zo cikin fararen kaya, baƙin faratansu dai ya ƙi fita. Ma'aikatan asibiti suka cika ɗaya ɓangaren. Da lokacin tafiyar amarya ya yi, Umma ta fito daga ɗaki riƙe da hular kwano guda biyu, sababbi. Ta kifa wa Dogo ɗaya da hannunta, ta ja igiyar har ya yi tari. Ta ɗora wa Auta ɗayar a kan ɗankwalinta.

"Duk wanda na gani a titi ba wannan a kansa, ni da shi ne," ta ce. Sannan ta haɗa hannayensu a cikin nata, muryarta ta yi laushi. "Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Duk inda kuka fita, Allah Ya dawo min da ku gida."

"Amin, Umma," suka ce tare.

Dogo ya buga babur ya tashi. Auta ta tattare rigarta ta hau bayansa, ta riƙe shi gam.

"A hankali," ta ce masa a kunne. "In ka jefa ni a rami ranar aurena, ba zan yafe maka ba."

"Ko tafiya ba mu fara ba, Fulogi."

"To me kake jira?"

Ya saki kuloci, suka fita layin a hankali, Umma tana tsaye a ƙofar gida tana ɗaga musu hannu har suka sha kwana.