Katin Da Na Jefa Masa

"Ɗauki kayanka!"

Na wurga katin a kan teburin gilashi, ya zame ya bugi kwalin maus ya faɗi ƙasa. Mutum huɗu ne a ciki suna duba laftof, duk suka juyo.

Injiniya ya ɗago daga kwamfutar da yake kwancewa, sukudireba a hannunsa. Murmushin da ya fara da ya gan ni bai kai ƙarshe ba.

"Gwanata... lafiya?"

"Kada ka sake kirana da wannan sunan! Ashe tsohon kati ka goge ka sa min a sabon kwali? Ni za ka cuta? Ni?"

"Wane kati? Tsaya mana, zauna mu yi magana..."

"Ba zan zauna ba! Macuci! Maha'inci!"

Yayana yana tsaye a bayana, ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Na san yana ɗauka, kuma ban hana shi ba.

Injiniya ya sunkuya ya ɗauki katin. Katin hoto ne, wanda shi ke ɗaukar nauyin gem, wato wasan bidiyo, a cikin kwamfuta, kuma shi ne mafi tsada a duk abin da na saya a wurinsa. Ya juya shi, ya sunsuna, ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ba shi ne na sayar miki ba."

"Ƙarya kake yi!"

Ya dube ni. Idonsa ya yi ja, amma bai ɗaga murya ba.

"Ke ce yau kike ce min maƙaryaci?"

Na juya na fice. Da na san abin da na sani yanzu, da a wurin na durƙusa.

Shekara guda kafin wannan rana na fara shiga shagonsa. Ni ce auta a gidanmu, ina aikin zanen talla a wani ƙaramin ofis, in na tashi kuma ba ni da abin so kamar gem ɗin tseren mota. Laftof ɗina ta tsufa, fankarta tana kuka kamar injin niƙa, ana tsakiyar tsere sai hoto ya tsaya cak. Na zagaya shago biyar a benen masu kwamfuta, kowa sai ya ce, "Ta ƙaninki ce?"

Shi kaɗai ya ce, "Wane gem kike bugawa?"

Na faɗa masa, sannan na nuna wata laftof mai fitilu kala-kala.

"Kada ki sayi wannan. Ado ne kawai, awa ɗaya za ta yi zafi har ki iya gasa burodi a kanta. Ki haɗa ta tebur da hannunki, kaya ɗaya bayan ɗaya. Ni zan koya miki."

"Kai ba ciniki kake nema ba?"

"Ina nema. Amma na fi so ki dawo kina dariya."

Na yi ta dawowa kuwa. Duk ƙarshen wata in sayi abu ɗaya. Akwati, sai babban allon ciki, sai ram, wato ƙwaƙwalwar aikinta, sai fanka. Ya ajiye min kujera a bayan kanta, ya koya min yadda ake riƙe kowane abu ta gefe, da yadda ake shafa man sanyaya ba a cika ba. Ranar da na doke shi a tsere sau uku a jere ya ajiye maus ya riƙe kai.

"Na sallama! Daga yau ke ce Gwanata."

"Kai kuma fa?"

"Ni ai bawanki ne, ranki ya daɗe."

A wata na bakwai ya ce yana sona, kansa a sunkuye yana ɗaure wayoyi, ko kallona bai iya yi ba. Na ce ya maimaita, ƙarar fanka ta hana ni ji. Babu fankar da take kunne a shagon.

A gida aka samu matsala.

"Mutumin da sana'arsa sayar wa yara kayan wasa?" in ji Abba. "Ke da nake jira ki girma ki bar wannan shirmen, sai ki kawo min wanda zai ƙara dulmiya ki?"

"Abba, sana'a ce fa..."

"Na gama magana, Auta."

Yaya kuwa yana da nasa ɗan takarar. Amininsa ne, mai babban shagon laftof a ƙasan benen nan, kowa Manaja yake ce masa. Yana da mota, yana da ladabi a gaban manya, ba ya zuwa gidanmu hannu rabbana. Umma har "ɗana" take ce masa. Sau biyu ya yi min magana, sau biyu na ce ya yi haƙuri.

Duk da haka ban daina zuwa wurin Injiniya ba. Na sayi katin hoton a wata na goma sha ɗaya, muka haɗa kwamfutar ta tashi, na kai ta ɗakina kamar amarya.

Sai gasa ta zo, wadda na shekara ina jira. Duk wanda ya ci, wata ƙungiyar 'yan wasa za ta ɗauke shi. Na tsallake zagaye uku. Ranar Asabar da la'asar aka yi na ƙarshe, ina gaba, saura lanƙwasa biyu in kai layin ƙarshe... sai sikirin ya cika da koren zane. Na ji ƙauri. Komai ya mutu.

Ihun da na yi ya shigo da Yaya da Manaja, da ma suna falo. Manaja ya naɗe hannun riga, ya buɗe akwatin, ya zaro katin ya nuna wa Abba.

"Subhanallah! Wannan ai ya sha aiki ya gaji, Baba. Gogewa kawai aka yi. Haka yaran nan suke yi wa mata, sun san ba za su gane ba."

Abba kallona kawai ya yi. Wannan kallon ya fi mari ciwo. Ban kira Injiniya ba. Ban tambaye shi ba. Na ɗauki katin na ce Yaya ya kai ni.

Bidiyon ya zagaya kamar wutar daji. Mutanen da ba su taɓa taka shagonsa ba suka riƙa rubuta cewa su ma ya cuce su. Kwana uku yana kirana, na toshe lambarsa. Yayarsa ta zo gidanmu ta yi awa biyu a falo, na ƙi fitowa daga ɗaki.

Bayan wata biyu na bi ta benen, na ga mai sayar da labule a shagonsa.

Na ce wa kaina alhaki ne ya kama shi. Amma na shiga mota na yi kuka har gida.

Manaja ya kawo min laftof kyauta, irin mai fitilun nan. Umma ta yi ta sa masa albarka. Aka fara maganar aure, ban ce e ba, ban ce a'a ba, gaba ɗaya zuciyata ta zama kamar ba tawa ba.

Wata biyar da faruwar abin, Umma ta aike ni da saƙo ofishin Manaja da rana. Aka ce ya ɗan fita, in jira. Ina zaune idona ya kai kan kwamfutarsa ta tebur, mai murfin gilashi a gefe. Na matsa don in ga irin kayan da ya sa.

Na leƙa ta gilashin.

A kusurwar katin akwai wani ɗan karce mai lanƙwasa. Ni na yi shi. Ranar da muke haɗawa Injiniya ya matso kusa zai nuna min inda zan ɗaure, sukudireba ta kuɓuce ta karce wurin. Har na kusa kuka, shi kuma yana ta dariya wai na sa hannu a kan kayana.

Manaja ya shigo yana fara'a.

"Amaryata, kin daɗe?"

"Ina ka samo wannan katin?"

"Wanne? Au... saya na yi mana."

"Nawa ne. Ga shaidata a jikinsa. Yaya aka yi ya zo nan?"

Ya rufe ƙofa, ya sassauta murya.

"Ki fahimce ni, Auta. Don ina sonki na yi. Me yaron nan zai ba ki? Ni fa..."

"Matsa min in wuce!"

A gida na tsare Yaya a gaban Abba. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa. Ashe a satin gasar, da ofis ya tura ni horo na kwana uku, Manaja ya ce a buɗe masa ɗakina ya duba irin aikin da aka yi min. Yaya ya ba shi makulli ya tafi sayen mai.

"Wallahi ban san zai canja komai ba..."

"Amma ka san ya shiga! Kana riƙe da waya kana ɗaukata ina zagin bawan Allah, ba ka tuna ba?"

Ya sunkuyar da kai.

Abba ya cire tabarau ya ajiye a cinya. Muryarsa ta yi rauni yadda ban taɓa ji ba.

"Mun zalunci yaron nan. Ni ma da hannuna a ciki. Ki je ki nemo shi, Auta. In ya yarda, ni na yarda."

Na mayar wa Manaja laftof ɗinsa. Na yi sabon bidiyo, fuskata a buɗe, na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe. Na farkon dubban mutane ne suka yaɗa shi. Wannan kuwa ko ɗari ba su kalla ba.

Sai da na je gidan yayar Injiniya sau uku kafin ta buɗe min ƙofa. Ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Kin san mahaifiyarmu ta daina zuwa kasuwa saboda nuna ta da ake yi?"

"Anti, ki yi haƙuri... don Allah ki faɗa min inda yake."

Ta rubuta min a takarda ta rufe ƙofa.

Wata makaranta ce a ƙarshen gari, yana kula da kwamfutocin ɗalibai. Na same shi a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, yana busa ƙura daga tsohon kibod. Ya rame. Rigar aikin ta yi masa yawa.

"Injiniyana..."

Hannunsa ya tsaya. Ya ɗago a hankali.

"Sannu da zuwa. Ga kujera."

Ban zauna ba, na durƙusa a kan siminti.

"Ka yafe min! Na gano komai. Manaja ne ya canja katin, na gani da idona. Na cuce ka, masoyina, na rusa maka shago, na ɓata maka suna..."

"Tashi, don Allah. Ɗalibai za su gani."

"Ba zan tashi ba sai ka ce ka yafe!"

"Na yafe. Na ga bidiyonki, na gode. Tun kafin ki yi shi na yafe."

Na share hawaye, wani sanyi ya ratsa ni.

"Abba ya amince. Ya ce ka turo manyanka. Za mu sake buɗe shago, ni da kai, zan tsaya a bakin ƙofa in faɗa wa kowa..."

"A'a."

A hankali ya faɗe ta, amma sai da ɗakin ya juya min.

"Ba shagon ne ya fi yi min ciwo ba," ya ce. "Shekara guda kina zaune kusa da ni, kin ga yadda nake mayar wa mutane kayansu in na ga aibi. Amma mutum ɗaya ya yi magana, ko tambayata ba ki yi ba. Minti ɗaya na roƙa, ki zauna. Da kin zauna, da na ɗauko miki rasit mun duba lambar katin tare."

"Raina ne ya ɓaci... ban san abin da nake yi ba."

"Na sani. Na daɗe ina ba ki wannan uzurin."

"To babu sauran wurina a zuciyarka? Ko kaɗan?"

Ya kalli taga.

"Akwai wata malama a nan. Ta ga bidiyon kamar kowa, amma ta zo ta tambaye ni abin da ya faru. Ita ta yi min hanyar aikin nan. Wata mai zuwa za mu yi aure."

Na dube shi.

"Kana sonta?"

"Ina samun natsuwa a wurinta."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya miƙe ya tattara makullai, ya ce yana da aji. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, bai juyo ba.

"Kada ki daina wasa saboda wannan. Kin iya. Ki gaida su Abba."

Na bi bayansa da kallo har ya shige ajin. Ta taga na ji muryarsa yana cewa kowa ya kunna kwamfutarsa, a natse, kamar babu abin da ya faru.

Na fito bakin titi na zauna a bencin jiran mota. Ta farko ta zo ta wuce, ta biyu ma haka. Wayata ta yi ƙara, Abba ne.

"Auta, kin same shi? Yaushe za su zo?"

Na riƙe wayar da hannu biyu.

"Na same shi, Abba. Yana gaishe ka... Ba za su zo ba."