Ƙofar da Inna Ta Karɓe

Ranar da Nasira ta yi ɓari na biyu, kafin la'asar duk garin Sae Sabuwa an ji irin kukan da ta yi. Ƙofar kwano ce a ɗakinta, ga ɗakin uwar mijinta, Inna Habsatu, manne da shi, ko tari aka yi a nan sai an ji a can. Abin da mijinta Hambali ya faɗa yana lallashinta kuwa, Inna ta kwashe tas ta kai bakin rijiya.

"Wai ko ba ta haihu ba yana son ta! Ku ji mani lalacewa!"

Abin ya yi wa Hambali ciwo ƙwarai. Ranar kasuwa ya hau moto, wato babur, sai Gidan Rumji, wurin kafinta, neman ƙofar da ba ta fid da murya. Kafintan ya ƙwanƙwasa wata ƙofa mai sheƙi, ta amsa kamar ganga.

"Wagga kyau gare ta, amma cikinta fanko ne. Bugi waccan."

Ya buga, ƙarar ta mutu nan take. Katako biyu ne masu kauri, an danna soso a tsakani, an bi gefe da roba.

"Bon, shi ke nan, ita nika so," in ji Hambali.

Amalanken jaki na sauke ta, Inna ta fito riƙe da ƙugu.

"Ni da na haife ka ina kwana bayan kwano, juya za ta shige bayan katako? A kafa ta a ɗakina! Kuma na aika a kira baffanka Nomau, ran Juma'a za ka ba yarinyar ga takardarta."

Hambali ya buɗe baki, Nasira ta girgiza masa kai, hawaye na zuba. "Ba ta ƙofar, don Allah. Uwa ce."

Aka kafa mata. Inna fa an samu abin yi, da rana tsaka sai ta ja ƙofa garam, ta danna sakata don a san ta yi.

Ran Laraba kowa ya tafi gona roron wake, aka bar Nasira da Inna. Nasira ta saba jin ƙarar butar tsohuwar da azahar. Azahar ta wuce, shiru. Ta je ta yi sallama, ta sake, ta yi ta uku. A tarbiyyar da aka yi mata, suruka ba ta kutsa kai ɗakin uwar miji ba a amsa mata ba, balle wadda ake shirin kora jibi. Har ta juya. To amma da wannan ƙofar, wa ya san ko an amsa? Ta ɗauko taɓarya.

A bugu na biyar sakatar ta ɓalle. Inna na yashe a ƙasa, baki ya karkace, muryarta ta dishe don kira. Tun hantsi take kira, ba wanda ya ji.

"Wayyo Allah, Inna! Jama'a, ku taimaka!"

A asibiti likita ya ce hawan jini ne, da an ƙara awa guda da sai gawa. Ɓarin jikinta na dama dai ya tafi ke nan, bai dawo ba.

Nasira ce ta yi jinya. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta kunu cokali-cokali, wani lokaci tana yi tana kuka, don ba ta manta da kalmar juya ba, kuma takardar na nan rataye a kanta.

Bayan mako uku Baffa Nomau ya zo, ya zauna bakin gado. "To Habsatu, zancen da kika kira ni a kai. A rubuta?"

Nasira ta miƙe za ta fita. Hannun hagun Inna ya damƙe zanenta. Tsohuwar ta yi ta kokawa da harshenta, miyau na zuba, kafin kalma ta fito.

"Ɗi... ɗiyata ce."

Hambali ya sunkuyar da kai ya fashe da kuka kamar yaro.

Haƙuri ya tsare wa Nasira aurenta, amma kowa ya ga abin da son kai ya ci wa Inna. Mai ƙwace abin wani don ya ƙuntata masa, ya tuna wata rana a hannun wanda ya ƙuntata wa zai sha ruwa. Inna ta rayu shekara biyu bayan haka, kuma ba ta sake karɓar abinci daga hannun kowa ba sai na Nasira.