Motar da ke Bin Na Ƙarshe

Hannun Auta ya tsaya a tsakanin kwanduna biyu, ya ƙi sauka.

Kwando ɗaya na korayen ƙyallaye ne, na masu gajeriyar hanya a tseren keken yau, waɗanda za su zaga su dawo kafin rana ta yi zafi. Ɗayan na jajaye ne, na masu doguwa, wadda ke haurawa ta kan tudu ta cinye wa mutum yini. Wanda ka ɗaura a hannun kekenka, shi za ka bi.

"Ɗauki kore, 'yar rigimata," in ji Kyaftin a bayanta. "Ki zaga a hankali, mu haɗu a wurin gamawa."

Ta juyo ta kalle shi. Nasa jan tuni yana ɗaure, har da ƙulli mai kyau.

Kyaftin shi ne shugaban ƙungiyar masu kekensu, shi ne kuma wanda take so. A kan keke suka haɗu, a kan keke ya faɗa mata yana sonta, yana haki, har sai da ta sa ya maimaita don ba ta ji ba. Sun yi alkawarin wannan tseren za su yi shi tare. Sai Mama ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Tun daga nan Auta ta koma hawan benen asibiti da kwanon wanka a hannu, keken kuma ya koma inda ake shanya tawul a falo.

Ta san ba ta da ƙafar doguwar hanya. Cinyoyinta sun faɗa mata tun a ƙofar gida. Abin da take jira ya fito daga bakinsa ƙarami ne: ya kwance jan nan, ya ce zo mu yi gajeriyar tare.

Bai ce ba. Yana duba iskar tayarsa da babban yatsa.

Kuma ga Yaya. Tun farko Yaya bai yi na'am da Kyaftin ba. Cewa yake mutumin da ke wanke sarƙar keke da buroshin haƙori, amma bai leƙo Mama a asibiti ba sai sau nawa, ba miji ba ne, baƙo ne mai sallama. A safiyar nan ma, yana ɗaura mata keken a bayan mota, ya ce ya gaji da jan magana: in ta dawo ta faɗa masa ɗaya, ko Kyaftin ya turo manyansa, ko a rufe zancen.

"A'a, wa nake gani haka? Aunty Auta!"

Barewa ce, yarinyar da ta shigo ƙungiyar a watannin da Auta ba ta nan, siririya kamar an zana ta da biro. Ita ce yanzu ke bin tayar Kyaftin kowace safiya. Ta rungume Auta, ta tambayi jikin Mama har sau biyu, sannan ta ce ai Aunty ta yi dabara da za ta ɗauki kore, a wannan shekarun da wannan hutun gara mutum ya san kansa, Kyaftin kuma kada ta damu, za a kula mata da shi.

Shekarun da ake magana, tsakaninsu bai kai a ƙirga ba.

Auta ta ɗauki ja.

Kyaftin ya dube ta. Ya san fuskar nan. Ya ce to, amma ta manne a bayansa, ya tare mata iska, kada ta yi gaggawa, ta riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo.

Farkon tafiya daɗi ne, kuma shi ne mugun abin. Iska mai sanyi, titi shimfiɗe, ƙarar sarƙoƙi kamar ruwan sama a kan kwano. Auta ta ji ƙafafunta sun tuna aikinsu, har ta fara tunanin ashe asibiti bai ci komai a jikinta ba. Barewa ta wuce gaba ta ja ayarin, tana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, irin ƙarin da ba wanda zai ce an yi da gangan. Auta ta bi. Duk wanda ya daɗe bai hau ba haka yake yi, ya kashe ƙarfin yamma tun da hantsi yana murmushi.

A mararraba wani mutum da tuta yana nuna wa masu kore hagu. Kyaftin ya waiwayo.

"Har yanzu kina iya juyawa, zuciyata. Ba wanda zai ce komai."

"Kai za ka juya?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Ta miƙe ta bi doguwar hanya.

Tudun bai zo da faɗa ba. A hankali ya fara karɓar abin da ya ga dama. Ta sauke giya, ta sake saukewa, ta nemi wata ta tarar babu. Numfashinta ya koma kamar na tsohon injin niƙa. Waɗanda ta wuce ɗazu suka riƙa wuce ta ɗaya bayan ɗaya, kowa da "sannu" ɗinsa, har da wani dattijo mai tumbi da rediyo a aljihu. Sai jijiyar cinyarta ta dama ta ɗaure tamau.

Kyaftin ya rage gudu ya dawo gefenta. Ya kama bayan sirdinta da hannu ɗaya yana tura ta, yana tuƙa nasa da ɗayan.

"Numfasa... haka. Kada ki kalli sama, kalli tayarki."

Hawaye suka cika mata ido, ba na ciwon ba. Ga shi nan. Ya dawo. Da Yaya zai ga wannan...

Ta ɗago don ta gode masa, sai ta ga inda idonsa yake. Yana can sama, inda ayarin ke shan kwana, rigar Barewa tana ƙanƙancewa a gabansu. Ya kalli agogon hannunsa, ya kalli sama, ya sake kallon agogon. Hannun da ke tura ta bai sassauta ba, amma mai hannun ya riga ya tafi.

Ta san shekara guda ya yi yana tashi da asuba saboda yau. Ta kuma san ita ta ɗauko jan nan da hannunta. Duka biyun ta sani, bai hana ƙirjinta yin nauyi ba.

"Je ka," ta ce.

"Haba, in bar ki a nan?"

"Zan taho a hankali. Je ka same su."

Ta riƙe numfashi. Sau ɗaya kawai take so ya ƙi jin maganarta.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya zaro kwalbar ruwansa ya miƙa mata, ya ce ita jaruma ce, ya tashi tsaye a kan feda. Ta tsaya kallon yadda yake cin tudun cikin sauƙi. Gaskiya ya iya keke.

Ba ta yi nisa ba ta sauka. Ta tura, ta zauna a bakin titi, ta sake turawa. A nan motar da ke bin na ƙarshe ta same ta, doguwar mota da aka cire wa kujerun baya don a loda kekunan waɗanda suka gaza.

Direban, mai furfura a gemu, ya ɗora kekenta a kan na wasu ba tare da tambaya ba. A ciki akwai maza biyu, kowa ya juya fuska ga tagarsa kamar an kama su da satar kaza. Direban ya ce mata tun da yake wannan aikin bai taɓa ɗaukar wanda ya gaji ba, kowa giyarsa ce ta lalace. Shi ma kansa giyarsa ta lalace a wannan tudun tun yana da gashi, shi ya sa aka ba shi mota.

"Ke fa, 'yata, me ya samu naki?"

"Ni na gaji, Baba."

Ya kalle ta ta madubi, ya ja motar.

Motar ba ta da ikon wuce mai keken ƙarshe, wanda ya zama dattijon nan mai rediyo, shi kuma bai da niyyar sauka ko sauri. Haka suka bi shi, rana ta karkata, ƙafar Auta tana zogi. Wayarta ta yi ta rawa a aljihu. Da ta duba, hoto ne a zauren hirar ƙungiyarsu: Kyaftin da Barewa a wurin gamawa, sun ɗaga kekuna sama. Ƙarƙashinsa kiran Kyaftin ne, jere. Ta kife wayar a cinya.

Sun kusa gari direban ya ce, "Ga wani can ya ɓata hanya."

Mai keke ne yake tahowa ta ɗaya hannun, shi kaɗai, yana komawa inda kowa ya baro. Tun daga nesa ta gane yadda yake karkata kafaɗa. Ya gaji, tuƙin ya nuna. Yana duba bakin titi, dama da hagu, ƙarƙashin kowace bishiya. Lambar yabonsa na cikin aljihun baya, igiyarta ta leƙo tana kaɗawa.

Kyaftin ne. Ya dawo neman ta, bayan ya gama.

Da ya zo daf da motar sai ya sunkuyar da kai, kamar yadda 'yan ƙungiyarsu ke yi don kada su kunyata wanda ke ciki. Ya wuce ta gefen tagarta, kusa har ta ga gishirin gumi a wuyan rigarsa.

Direban ya ga yadda ta bi shi da ido. Ya ɗage ƙafa daga totur.

"Naki ne? In yi masa hon?"

Auta ta juya tana kallonsa ta gilashin baya, ta tsakanin tayoyin kekunan da aka loda, yana nufar tudun.

"A'a, Baba. Mu je."

Ta ɗauki wayar ta kira Yaya. Ya ɗauka tun kafin ta gama ƙara, yana tambayar ko lafiya, ko ta faɗi ne.

"Ban faɗi ba, Yaya. Ka zo ka ɗauke ni." Ta juyo ta fuskanci gaba. "Maganar nan kuma... a rufe ta."