Kunnen Fari

Ku da kuke jin tsohon kaset ɗin Na'Allah mai gurmi kuna kaɗa kai, ba ku san abin da kuke saurara ba. Ni na sani. Katanga ɗaya ta raba mu a Unguwar Lalle, sauran kuma shi ya faɗa mini da bakinsa, bayan faɗar ba ta da amfani.

Shekara goma sha biyu yana yawo tsakanin kasuwar Isa da ta Sabon Birni. Ba ubangida, ba 'yan amshi, kuma ya ƙi rera waƙar kowa sai wadda ya tsara da kansa. Waƙoƙin suna da daɗi, ba na musu. Amma damina biyu ke nan gero na ƙonewa tun bai kai gwiwa ba, wa zai ba mawaƙi abin da ya hana 'ya'yansa? Sai ya gama zuba baiti a ce masa "Allah shi ƙara basira," a watse. Ranar da ya ji wani mai muryar kwaɗo a rediyo, takaici ya sa ya yi jifa da hularsa.

Da rana tsaka ya tafi wurin Sodangi boka, can bayan Burkusuma. Bukkar tana jingine da wata kuka mai kogo. A ciki tukunya ce kife, an ɗaura mata baƙin ƙyalle, jini ya daskare a gindinta, ko ƙuda ba ya sauka. Daga sama kunnuwan awaki ne busassu, an jera su a zare kamar kuɓewa.

Na'Allah ya ce, "Suna nika so. Na gaji da yi ma masu yunwa waƙa."

"Za ka samu, har da dukiya. Amma iskoki masu wurin ga na da rabonsu: kunnen fari."

"Mi ak kunnen fari kuma?"

"Duk sabuwar waƙar da taz zo maka, wanda yaf fara jin ta nasu na."

"In rera ma jaki hwa?"

"Ɗan Adam nic ce."

Na'Allah ya ce, "To, za ni rera ma baƙo bisa hanya, wanda ban san uwatai ba."

"Ruwanka," in ji Sodangi. Ya yanka baƙar akuya, ya shafa masa jinin a harshe da tsirkiyar gurmin.

Kun ji rashin imani, ga kuma wauta. Mutum ya tsufa cikin sana'a bai lura waƙa ba ta sallama ba! Tana zuwa ne kana gyaran danga, bakinka ya kama gunguninta ba ka sani ba.

Kafin wata shida kaset ɗinsa ya tsallaka iyaka. Ya sayi babur, ya rufa kwano, buhunan hatsi har rufi, alhali maƙwabta muna cin tafasa. Wata safiya yana ɗaurin danga, mahaifiyarsa Habi ta ce, "Wagga sabuwa ta? Ta yi daɗi." Bayan kwana uku aka rufe ta, kunnenta na zubar jini. Bayanta sai matarsa Rahmatu, wadda ta ji gunguninsa yana wanke babur. Ita ba ta mutu ba. Ta shiga daji ba kallabi, tana maimaita baiti ɗaya.

Ya koma wa Sodangi da kuka, boka ya ce abin da aka ɗaura da jini ba ya kwantuwa. Sai ya naɗe bakinsa da rawani, ya daina magana wata bakwai.

Ana haka 'yarsa Fatu ta zo haihuwar fari. Mijinta ya tafi cin rani, mazan unguwa duk fari ya kore su kudu. Ni na karɓi haihuwar. Na fito da jaririn na ce, "Kai kaɗai an namiji, yi mai huɗuba."

Ya girgiza kai, ya ja da baya. Daga ɗaki Fatu ta ce, "Baba, ɗana za shi tashi ba huɗuba kana raye?"

Ya kwance rawanin. Ya kai baki kunnen yaron zai yi kiran salla. Abin da ya fito waƙa ce, sabuwa fil, ban taɓa jin mai daɗinta ba. Yaron bai kai ranar suna ba.

Ni na miƙa shi da hannuna, har yau abin yana cin raina. Na'Allah kuwa ya ƙare a bakin kasuwar Isa, tsumma cushe a baki, yana gudun duk wanda ya matso.

Ku masu gaggawar suna, ku ji tsoron Allah. Boka ba ya karɓar baƙo. Na cikin gidanka yake ɗauka, kuma kai za ka miƙa masa.