Tukunyar da Ta Ƙi Tumbatsa

Ran Talata, farkon watan girbi, rana na ɓullowa, aka hura wuta a wani ƙauye can kudancin Indiya. Bikin Pongal ne. A al'adarsu, kowane gida yakan dafa sabuwar shinkafa da madara a ƙofar gida, a bar ta ta tafasa har ta tumbatsa ta zubo. Gidan da tukunyarsa ta zubo, in ji su, shekararsa ta yi albarka.

Akwai wani manomi mai saniya ɗaya, wanda ba ya son a fi shi a komai. Sai ya sayo tukunyar da ɗan maraƙi zai iya kwanciya a ciki.

Matarsa ta leƙa, ta ce, "Maigida, madarar nan ko gindin tukunyar ba ta rufe ba."

Ya ce, "Ƙara itace."

Tukunyar maƙwabci ta zubo, aka yi shewa. Ya ce, "Ƙara itace."

Ta wata tsohuwa, 'yar mitsitsiya kamar ƙoƙo, ita ma ta zubo. Tsohuwar ta kawo masa ita, ta ce, "Ɗana, juye a tawa, na gama da ita."

Ya dubi 'yar tukunyar, ya dubi jama'a suna kallonsa. Ya ce, "Ƙara itace."

Itace ya ƙare, ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya tura a wuta. Madara dai ta ƙafe, ƙauri ya tashi.

Da azahar kowa ya watse, har matarsa ta bi tsohuwar cin shinkafa. Waɗanda suka rage su ne manomin, da tukunyarsa, da wani kare da ya sansana ƙanzon, ya yi atishawa, ya kwanta.