Littafi a Goye

Garar ta fara aiki da hantsi. Injiniya Barira Tanimu ta ɗaga murfin tankar, ta shafa allon sarrafawa da ke ɗaure a tsintsiyar hannunta, sai ga su sun kwararo kamar an zazzage buhun gero. Ƙananan injina ne farare, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Suka lulluɓe bangon tsohon gidan waya na Birnin Tsamiya tun daga tushe har rufi. Ba ƙara, ba ƙura, sai ɗan sautin tsattsaga da ba ka jinsa sai ka matso. Kafin azahar gidan waya babu shi, sai sababbin bulo a jere reras a inda yake.

Sunanta na takarda Na'urar Sabunta Gini, amma ba mai wahalar da bakinsa da wannan. Garar Hukuma kowa ke cewa. Tana cin siminti da ƙarfe da katako, ta narkar da su a cikinta, ta tofo bulo. Da ita Hukumar Sabunta Birni ta lashe tsohuwar kasuwa da tashar mota da layin maɗinka, aka dasa dogayen benayen gilashi, jiragen igiya na zirga-zirga a tsakaninsu. Gini ɗaya tak ya rage a tsakiyar birni, wato Babban Ɗakin Karatu. Tsoho ne tukuf, rufinsa na yoyo, fankokinsa na kuka, amma da rana ba ka rasa mutane a kan bencinansa.

An riga an gina magajinsa a ƙetaren titi, Hasumiyar Sani, wato ta ilimi, doguwa har wuya ya yi ciwo in ana kallonta. Babu kantar littafi ko ɗaya a ciki, sai wata ƙatuwar ƙwaƙwalwar lantarki. Tsarin shi ne garar za ta ci tsohon ginin da littattafansa gaba ɗaya, tana ci tana karance kowane shafi tana aika wa ƙwaƙwalwar. Daga nan duk mai son ilimi sai ya tambaya kawai a ba shi amsa.

Barira ta yarda da tsarin, tsakani da Allah. Sai dai ita mace ce da ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa. Ta ɗauko wani littafinta na gida, labarin wani falke, wanda ta karanta tun tana makaranta har bangonsa ya saɓule. Ta ajiye shi a teburin gwaji, ta saki gara ɗan kaɗan. Nan take suka lamushe shi. Ta juya ga lasifikar ƙwaƙwalwar ta ce a karanto mata littafin.

Muryar ta ce, "Labari ne na wani falke da ya yi tafiya, ya sha wuya, ya dawo gida. Darasinsa haƙuri."

Barira ta jira. Shiru.

"Ci gaba mana."

"Ya ƙare."

"Ina wurin da jakinsa ya mutu a bakin kogi, ya zauna yana yi masa magana har rana ta faɗi?"

"An tace wannan. Ba ya ƙara wani bayani."

Ta dubi teburin, babu komai sai ɗan dunƙulen bulo. Wurin da ya sa ta kuka tana yarinya, yau babu shi a ko'ina a duniya, kuma da hannunta ta bayar. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta zari gyalenta ta nufi ofishin Darakta.

Darakta Namadi Wada shi ne shugaban Hukumar, mutum mai fara'a da taushin murya, irin waɗanda ke yanka ka suna tambayar lafiyar iyali. Ya saurare ta har ta gama.

"Injiniya, wannan ai ba kuskure ba ne. Haka muka tsara. Wa ke da lokacin tulin shafuka a zamanin nan? Tsaba muke ajiyewa, mu zubar da dusa."

"Yallaɓai, wa ya gaya wa injin wanne ne dusa?"

Ya yi murmushi. "Ranar Asabar za ki saki garar. Allah ya ba da sa'a."

Daga nan ba ta zame ko'ina ba sai Ɗakin Karatu. Ta tarar da mai kula da shi, Malam Haladu, yana jan bokiti zuwa ƙarƙashin wani yoyo. Dattijo ne siriri mai kaifin harshe, ya yi furfura a cikin kantocin nan.

"A'a, uwar gara da kanta! Kin zo duba abincin 'ya'yanki ne?"

"Baba, ka bar ni da abin da ke damuna."

Ta kwashe labari ta gaya masa. Ya zauna a kan benci. Sannan ya ce:

"'Yata, tun da aka buɗe gidan nan doka ɗaya ce ba ta taɓa canzawa ba. Duk ɗan garin nan yana da ikon aron littafi. Kafin Asabar gidan nan a hannuna yake. In mutane suka zo aro, ni wa zan hana?"

Barira ta dube shi, ya dube ta. Ta ce, "To bari in nemo maka masu aro."

Kai, jama'a! Wanda bai ga layin nan ba bai ga layi ba. Magana ta bi gari daga waya zuwa waya, daga katanga zuwa katanga. Maɗinkan da aka tasa daga layinsu su suka fara zuwa, don dama suna ciki da Hukuma. Sai masu shayi, da malaman makaranta, da direbobin jiragen igiya, da matan aure da kwanduna. Wasu rabonsu da buɗe littafi tun jarrabawar ƙarshe. Wata tsohuwa mai fura ta karɓi wani ƙaton littafin ilimin taurari ta juya shi sama ta juya ƙasa, ta ce ita dai ba ta san abin da ke ciki ba, amma tunda Hukuma ke son cinye shi, lalle akwai abin kirki. Malam Haladu na miƙawa yana tsiya.

"Ka wanke hannu kafin ka taɓa, mai nama! Wannan ya girmi kakanka."

Ranar Asabar da safe kantoci suka wayi gari wayam. Barira ta zo da tankarta kamar yadda aka umarce ta, ta ɗaga murfi, ta saki garar. Malam Haladu na tsaye a gefe da bokitinsa, yana kallon bangon da ya jingina da shi shekara da shekaru yana narkewa. Da garar ta kai tagar da yake zama, sai ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Barira ma ta yi hawaye, ba ta ɓoye ba. Ginin ya tafi. Amma ko shafi ɗaya bai shiga cikin Hasumiyar Sani ba.

Fara'ar Darakta ta ƙare a ranar. Ya sa aka kwance allon daga hannun Barira a gaban ma'aikata, aka raka ta har bakin ƙofa. Ya ɗora wani injiniya a kujerarta, sannan ya sa aka yi shela a duk allunan birni: littattafan nan kayan Hukuma ne, duk wanda bai mayar ba kafin ranar buɗe Hasumiya, gara za ta je ta karɓo da kanta.

Ba barazanar banza ba ce. A bayan kowane littafin ɗakin karatu akwai 'yar ƙwayar shaida da aka manna tun da daɗewa don hana sata, ta shige cikin bangon yadda ba ta ciruwa sai an yaga littafin. Garar na jin ƙwayar nan daga nesa. Akwati ba ya tare ta, ɗaki ba ya tare ta, ramin ƙasa ma ba ya tare ta, tunda cin bango ne sana'arta.

Mutane suka tsorata, suka cika ƙofar gidan Barira. Ta fito ta tsaya a kan dakali.

"Ku saurara. Da ni aka ƙera abin nan. Akwai iyaka ɗaya da muka gina a jikin kowace gara don kada ta ci mutum, kuma ba a goge ta da umarni, sai dai a narkar da su duka a sake ƙira. Duk abin da ke manne da ɗumin jikin mai rai, ba ta taɓa shi. In littafi na jikinka, ya tsira. In ka ajiye, ya tafi."

Wani maɗinki ya ce, "Haba Injiniya! Hannu biyu gare mu. Da wanne za mu nemi abinci?"

Barira ta shiga gida ta fito da littattafan da ta ara da majanyi. Ta sunkuya, ta ɗora su a gadon bayanta, ta ja zani ta ɗaure tam, ta ƙara majanyi a kai. Ta miƙe ta tafa hannayenta biyu.

Mata suka kwashe da shewa. Wannan ai aikin da suka iya ne tun ba su san kansu ba.

Ranar buɗe Hasumiya aka saki garar tun da sassafe. Ta malala cikin unguwanni, fara fat, tana bin lungu tana shiga ta ƙarƙashin ƙofofi. Sai ta tarar da gari a goye. Mata na daka da goyo, suna talla da goyo, masu jarirai sun haɗa biyu. Maza sun ɗaura nasu a ciki da rawani, wasu a aljihun gaba, wasu a ƙarƙashin hula. Duk inda mai littafi ya tsaya, garar sai ta kewaye ƙafafunsa ta yi cirko-cirko, tana jira. In ya taka ta dare, ta biyo shi.

An yi asara, ba a ce ba a yi ba. Wani malami ya ajiye nasa a kan katanga don ya yi alwala, kafin ya shafa kai babu komai sai ɗan dunƙulen bulo. Ya zauna a wurin yana salati kamar an yi masa rasuwa. Labarin ya zaga, kowa ya ƙara tsuke ɗaurinsa.

Da hantsi jama'a suka taru a filin gaban Hasumiya, inda aka kafa rumfa aka ɗaura kirtanin da za a yanke. Ba wanda ya gayyace su. Suka zauna a ƙasa, wasu suka kwanto goyonsu suka buɗe a cinya, tunda abu na hannunka ai sai ka leƙa. Malam Haladu ya samu matakala ya zauna yana karanta wa na kusa da shi da ƙarfi. Garar ta cika filin, fari ko'ina, ta zagaye kowa.

Darakta ya sauko daga rumfa cikin farar shadda, ya ratsa har inda Barira take tsaye. Bai ɗaga murya ba.

"Injiniya, wannan wasan yara ne. Ita ba ta barci, ba ta gajiya. Ke fa?"

"Ina gajiya mana, Yallaɓai. Yanzu haka bayana ciwo yake."

"To har yaushe?"

"In na gaji wata ta karɓe ni. In ta gaji wani ya karɓe ta. Haka aka raine mu duka, har da kai."

"Mun gina wa garin nan abin da babu irinsa, ku kuna rungume da tsummokara."

Barira ta ɗan motsa kafaɗa, ta taɓa ƙullin majanyinta. "Af, ka ga ya kwance." Ta sunkuya, ta zaro littafin sama, wani tsoho mai jan bango, ta miƙa masa da hannu biyu. "Riƙe mini, Yallaɓai, in gyara zanina."

Duk ɗan garin nan, in mace ta miƙo masa goyo ta ce riƙe mini, hannunsa ke riga tunaninsa. Darakta ya karɓa kafin ya ankara.

Nan take garar ta juyo. Ta kwararo daga ko'ina ta kewaye takalmansa, ta taru har ta yi tudu, dubban ƙananan kawuna a ɗage suna jiran ya saki. Malam Haladu ya dakata da karatu. Na'urorin ɗaukar hoton da aka kawo don bikin duk suka juyo kansa, fuskarsa ta fito a manyan allunan birni.

Barira ta gyara zaninta a tsanake, ta ƙulle majanyi, ta ja da baya ta harɗe hannuwa.

"Karɓi abinki," in ji shi, ƙasa-ƙasa.

"Ai kayan Hukuma ne, Yallaɓai. Ga shi na mayar. In dusa ce, ajiye."

Ya dubi mataimakansa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya dubi sabon injiniya, shi kuma ya ɓoye hannuwansa a baya. Wani ya matso da almakashin yanke kirtani a kan faranti, ya tsaya, ya rasa hannun da zai saka wa. Littafin ya buɗe da kansa a wurin da aka fi karantawa, gefen shafin ya yi baƙi da yatsun mutane. Darakta ya sunkuya kamar zai ajiye, garar ta yunƙuro, sai ya miƙe da sauri ya manna shi a ƙirjinsa.

Har aka kira azahar yana tsaye a rana, gumi ya jiƙa farar shaddar, kirtani na nan a ɗaure, bai ajiye ba.